Tsofaffin motoci a ƙasar Gobir: Gwanintar kanikawa da haɗarin da ke biye da ita

A ƙasar Amurka akwai masu hannu da shuni da kan sayi motar da ta shekara 50 ko fiye, su kai ta gareji a kwance ta baki ɗaya, a sa mata sabon inji da sabon birki, sa'an nan su fito da ita kan titi ranar hutu domin nishaɗi.

A garin Bafarawa da ke ƙaramar hukumar Isa, da Sabon Birni, da sauran garuruwan gabashin jihar Sakkwato, kusan kullum ana yin aiki mai kama da wannan, sai dai dalilin ya sha bamban. A nan, tsohuwar motar da bakanike ya raya ita ce ke kai gero da albasa kasuwa, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, kuma ita ce direba ke dogara da ita a kan hanyar da tsayuwar minti goma kan iya zama sanadin rasa rai.

Abin tambaya shi ne, ko irin gyaran da ake yi wa waɗannan motoci yana kare rayukan fasinjoji kamar yadda yake kare aljihun masu su?

Motocin ƙarfi na Amurka

Domin a fahimci bambancin, ya kyautu a fara duba inda wannan sana'a ta yi suna. A shekarar 1964 kamfanin General Motors ya fito da wata mota mai suna Pontiac GTO. Dabarar ita ce a ɗauki bodin mota matsakaiciya a ɗora mata ƙaton inji mai silinda takwas, wanda girmansa ya haura lita 6. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Ford ya fito da Mustang, daga baya Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya. Mai yana da araha a lokacin, hanyoyi suna da faɗi, matasa kuma suna da kuɗin kashewa.

Wannan zamani bai yi tsawon rai ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da kuma takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, sun haɗu sun karya kasuwar irin waɗannan motoci. Waɗanda suka rage sun zama kayan tarihi masu tsada. A watan Janairun 2020 an yi gwanjon wata Mustang ƙirar 1968 da aka yi amfani da ita a fim ɗin Bullitt a kan kuɗi fiye da dala miliyan 3.

Masu sha'awar waɗannan motoci sun kasu gida biyu. Wasu suna so a mayar da mota daidai yadda ta fito daga masana'anta. Wasu kuma suna barin tsohon bodi a waje, amma su sabunta duk abin da ke ciki: a cire kafireto a sa na'urar fesa mai ta zamani, a canja giya, a sa babban lagireto, a ƙarfafa ƙafafun mota.

Akwai wata ƙa'ida da ƙwararru a wannan fanni suka yi ittifaƙi a kanta, wato duk wanda ya ƙara wa inji ƙarfi, to wajibi ne ya ƙara wa birki da taya da ƙafafun mota ƙarfi daidai da hakan. Wannan ƙa'ida ce ma'aunin da za a iya auna aikin garejin ƙasar Hausa da ita.

Motar da ta san ƙasa

Idan akwai motar da ta samu irin wannan matsayi a zukatan mutanen arewacin Najeriya da kudancin Nijar, to ita ce Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambin motar shekara ta nahiyar Turai a 1969. Injinta na fetur mai silinda huɗu bai wuce lita 2 ba, wato bai kai sulusin na GTO ba. Amma abin da ta rasa a gudu ta same shi a juriya.

Ƙafafunta suna da doguwar lanƙwasa, abin da ya sa take shanye rami da gargada ba tare da jijjiga fasinja ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, saboda haka lodi ba ya hana ta hawa tudu. Injinta kuma a fili yake, babu kwamfuta, babu wata na'ura da sai an je birni kafin a gane ciwonta. Da sifana da sukudireba bakaniken ƙauye zai iya tayar da ita. Ta tabbatar da wannan juriya a gasar tseren motoci ta Safari da ake yi a gabashin Afirka, wadda ta lashe a 1975 da kuma 1978.

A Najeriya, kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya buɗe masana'antarsa a unguwar Kakuri da ke Kaduna a 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga ofisoshi ta gangaro tashoshin mota: doguwar nan mai layin kujeru uku ta zama motar haya tsakanin birane, a-kori-kurarta kuma ta zama jakin kasuwannin ƙauye.

An daina ƙera ƙaramar 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har zuwa 2006. Ke nan, ko wadda ta fito a sahun ƙarshe ta tasam ma shekara 20 ko ta wuce. Duk wadda aka gani tana tafiya a yau, to hannun kanikawa ne ke riƙe da ita.

Daga Kakuri zuwa Kwatano

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 Najeriya tana da masana'antun haɗa motoci guda shida da gwamnati ke da hannun jari a ciki: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, Steyr a Bauchi, da kuma mai haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Dukkansu sun dogara ne da sassan da ake shigowa da su daga waje a biya da kuɗin waje.

Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. Daga nan kasuwa ta koma hannun motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Baljiyam.

Da yawa daga cikin waɗannan motoci a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke sauka, a rubuta cewa Nijar za su, a haye da su gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, a kai su Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan kuma su sulalo Najeriya ta Illela ko Jibiya ko ta ɓarauniyar hanya. Ƙasar Gobir tana tsakiyar wannan zirga-zirga. Iyakar da Turawa suka shata ta raba Gobirawan Sabon Birni da 'yan uwansu na Tsibiri da ke kusa da Maraɗi, amma ba ta raba zumunci da auratayya da kasuwanci ba. Motoci da kayan gyaransu sun daɗe suna bin sawun da fatake suka bari.

Ta haka Golf da Sharan da Carina da Hiace da Canter suka maye gurbin Fijo a mafi yawan tashoshi. Lamarin bai tsaya ga Najeriya kaɗai ba. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma nahiyar Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka, kimanin kashi 40 cikin 100.

Sai dai ita ma wannan ƙofa ta yi ta ƙuntata. A 2013 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manufar masana'antar motoci wadda ta ɗaga harajin shigo da su. A watan Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 aka rufe iyakokin baki ɗaya. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris na 2024, taƙaddamar Nijar da Benin kuma ta sa gadar Gaya ta daɗe a garƙame. A daidai wannan lokaci ne aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, dalar da ake canjawa a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024.

Sakamakon duk waɗannan abubuwa ɗaya ne: wanda a da yake canja mota duk bayan 'yan shekaru, yanzu sai ya riƙe wadda ke hannunsa ya yi ta raya ta.

Abin da ake yi a gareji

Wanda ya leƙa garejin Buzaye a Sakkwato, ko kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, zai ga cewa raya tsohuwar mota sana'a ce mai rassa da yawa. Akwai bakaniken inji, akwai mai walda, akwai mai gyaran bodi da fenti, akwai mai wayarin, akwai mai ɗinkin kujeru, kowanne da yaransa masu koyon aiki. Daga irin waɗannan wurare ne kayan gyara da ƙwarewa suke gangarawa zuwa ƙananan garejin Isa da Sabon Birni.

Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, akan buɗe shi a canja ringi da metal, a kai kansa a goge. Idan ya wuce gyara, sai a sayo injin Baljiyam a ɗora. Ba dole ne ya zama irin na motar ba. Akan sa injin wani kamfani a bodin wani, mai walda ya ƙera sabbin maɗaurai, a daidaita giya da shaf. Wannan shi ne irin aikin da kanikawan ƙasar Kyuba suka shahara da shi, inda takunkumin da Amurka ta sa tun farkon shekarun 1960 ya tilasta musu sa injunan dizal na wasu ƙasashe a cikin tsofaffin Chevrolet da Ford.

Wani abin lura shi ne, gyaran nan yakan bi akasin hanyar da na Amurka ke bi. Can ana cire kafireto a sa na'urar fesa mai. Nan kuwa sau da yawa ana cire na'urar fesa mai da kwamfutarta a mayar da mota kan kafireto, saboda shi ne kowa ya iya gyarawa, shi ne kuma ya fi haƙuri da gurɓataccen mai irin na 'yan bumburutu.

Haka kuma akan cire na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, bisa imanin cewa an ƙera motar ne domin ƙasar sanyi. Akan kuma fasa salansa a cire matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, wani lokaci domin ta toshe, wani lokaci domin tana da tsada a wurin masu sayenta. Injiniyoyi sun sha bayyana cewa injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai kuma ya fi saurin lalacewa, cire matatar hayaƙi kuwa yana sakin guba ne a cikin iskar da kowa ke shaƙa.

Gyaran da ya fi yawa a motocin ƙauye shi ne na ƙafafu. Akan ƙara wa a-kori-kura ganyen sifirin, a sa wa ƙaramar mota sifirin ɗin wadda ta fi ta girma, a ɗaga bayanta domin idan an danna mata lodi ta dawo daidai. Akan yi wa rufi da but waldar ƙarfe domin ɗaure buhuna. A zamanin tallafin mai, masu fasa-ƙwauri sun riƙa faɗaɗa tankunan motoci domin tsallaka da fetur zuwa Nijar, inda ya fi tsada.

Babu mai musun cewa akwai basira a cikin wannan aiki. Mutanen da mafi yawansu ba su taɓa zama ajin koyon injiniya ba suna riƙe da sufurin yanki guda da motocin da masu ƙera su suka daɗe da yafe su.

Hanya ce ke tsara mota

Ba za a gane dalilin da ya sa direban wannan yanki yake neman irin wannan mota ba sai an dubi hanyar da yake bi. Ƙasa ce ta fadama da rairayi, inda gulbin Rima da rassansa, Bunsuru da Gagare, suke ratsawa. Da damina laka ce da zaizayar ƙasa, da rani kuma yashi ne da ƙura. Ƙauyuka da dama ba su taɓa ganin kwalta ba. Motar da ba a ɗaga ba, cikinta zai riƙa dukan ƙasa.

A kan wannan kuma sai matsalar tsaro ta zo ta ɗora nata nauyin. A watan Satumban 2021 gwamnatin jihar Sakkwato, ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda hare-haren 'yan bindiga, ta umarci matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Ta kuma hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade yawan man da za a sayar wa mai mota a ƙananan hukumomin da abin ya shafa. A cikin wannan watan aka katse layukan waya a wasu sassan jihar. Direban da motarsa ta lalace a daji a wancan lokaci ba shi da hanyar kiran bakanike, balle jami'an tsaro.

A watan Disamban 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni a kusa da ƙauyen Gidan Bawa, suka cinna mata wuta. 'Yan sanda sun ce mutum 23 ne suka rasu. A watan Yulin 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa Sabon Birni daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka kama shi a watan Agusta.

A irin wannan yanayi, abin da direba ke buƙata daga motarsa abu uku ne: kada ta mutu a hanya, ta iya tashi da gudu idan ta kama, ta kuma ɗauki lodin sawu biyu a sawu ɗaya domin a rage yawan fita. Gudun da matashin Amurka ke nema domin burgewa, direban Isa yana nemansa ne domin tsira. Wannan ne ya sa kuɗin gyara ke tafiya ga inji da sifirin kafin komai.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce, ƙa'idar da aka ambata tun farko ba kasafai ake kiyaye ta ba. Ana ƙara ƙarfin inji, ana ƙara nauyin lodi, ana ɗaga mota sama, amma birki yana nan yadda masana'anta ta yi shi domin mutum biyar da jakunkunansu.

Lissafin ba shi da wuya. Idan mota ta ninka gudunta sau biyu, ƙarfin da birki zai shanye kafin ta tsaya ya ninka sau huɗu. Idan aka ninka nauyinta, aikin birkin ya sake ninkawa, zafinsa ya ƙaru, kamunsa ya ragu. Motar da aka ɗaga aka kuma jibga wa kaya a rufi ta fi saurin kifewa a kwana ko idan direba ya kauce wa rami ba shiri.

Taya ma haka take. Mafi yawan motocin haya tayoyin hannu suke sawa, waɗanda suka gama aiki a wata ƙasa. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma ba kowane mai saye ke dubawa ba. Tsohuwar roba, da lodi fiye da ƙima, da zafin kwalta a watan Afrilu lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato, su ne ke haɗuwa su fasa taya ana cikin gudu.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi kan lodi da tsofaffin tayoyi, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Amma dokar da aka tsara domin manyan hanyoyi tana da wuyar aiki a inda hatta jami'an tsaro sai da rakiya suke shiga. Kuma wa zai ce wa direban da ke tsoron kwanton ɓauna ya ƙayyade gudunsa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin mota duk shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ita ce ke da ƙarancin motoci.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan bakanike. Shi abin da mai mota ya biya yake yi. Mai mota kuma yana kashe kuɗi ne a kan abin da zai dawo masa da riba gobe. Sabon sifirin yana ƙara buhu biyar a kowane sawu, sabon birki kuwa ba ya ƙara ko sisi, sai ranar da aka neme shi aka rasa.

Tsadar mai da batun iskar gas

Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Garuruwan bakin iyaka sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu tun Nuwamban 2019, lokacin da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Wannan ya sauya lissafin gareji. Kafireton da aka fi so saboda sauƙin gyara ya fi na'urar fesa mai shan fetur. Ƙaton injin da aka ɗora domin jan lodi ya zama bakin da ba ya ƙoshi. Direba kuma ba shi da zaɓi illa ya ƙara kuɗin mota ko ya ƙara lodi, kuma galibi duka biyun yake yi.

Amsar da gwamnatin tarayya ta bayar a 2023 ita ce shirin mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG. A ƙa'ida, tsohon injin fetur yana karɓar wannan sauyi cikin sauƙi. Amma gas ɗin sai da tashar ɗura shi, kuma bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 an tsara shi ne daga Ajaokuta ta Kaduna ya tsaya a Kano, nesa da gabashin Sakkwato.

Akwai kuma haɗari. Ana matsa wannan gas a cikin tukunya da ƙarfin da ya ninka na iskar taya kusan sau 100. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wata tashar gas da ke birnin Benin a jihar Edo, hukumomi kuma suka ce tukunyar da ke cikinta ta walda ce wadda ba ta cika ƙa'ida ba. Wannan darasi ne ga duk inda aka saba da cewa mai walda zai iya ƙera komai.

Ina mafita?

Masu lura da al'amura na ganin cewa babu alamar sabuwar mota za ta sauko daidai aljihun direban ƙauye nan kusa. An sayar da kamfanin PAN ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. A 2022 wani sabon kamfani na haɗin gwiwa, Dangote Peugeot, ya fara haɗa motoci a jihar Kaduna. Sai dai irin waɗannan motoci na ofisoshi ne da masu hali. Tsohuwar mota za ta ci gaba da zama ƙashin bayan sufuri a ƙasar Gobir, saboda haka abin yi shi ne a gyara yadda ake gyara ta.

Mataki na farko shi ne a ɗauki bakaniken gareji a matsayin ma'aikacin da ya cancanci horo da takardar shaida. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta taɓa ƙulla alaƙa da masu sana'a na Panteka domin irin wannan manufa, kuma babu abin da zai hana makarantun fasaha na Sakkwato yin haka tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA. Horon mako kaɗan kan birki, da nauyin da kowace taya ke iya ɗauka, da amfani da na'urar gano ciwon mota, zai iya yin tasiri fiye da shingen jami'ai goma.

Na biyu, ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ce hukumar da ke nan a kowace tasha, har a inda jami'an gwamnati ba sa zuwa. Idan shugabannin tasha suka ƙi ba motar da birkinta ko tayarta ba su inganta ba layi, magana ta ƙare. Fasinja ma yana da haƙƙin ya dubi taya kafin ya biya kuɗi.

Na uku, sai hukumomi sun sa ido kan jabun kayan gyara, musamman na birki, domin ko bakaniken da ya fi kowa iyawa ba zai fi ƙarfin kayan da aka ba shi ba.

Basira dai ba a rasa ta ba. Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar Sakkwato, ya yi karatu a Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit, ya shiga General Motors a 1994, ya yi aiki a kan zanen Pontiac G6 da Chevrolet Volt, daga baya kuma ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, NADDC, daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injunan fetur daga tsofaffin ƙananan bas-bas yana mayar da su masu aiki da batir da hasken rana. Tsakanin waɗannan mutane biyu da yaron da ke wanke sifana a garejin Isa, bambancin na dama ce da horo.

Amma duk waɗannan matakai sun rataya ne a kan abu guda, wato tsaron hanya. Muddin direba yana fita daga Sabon Birni ko Bafarawa da fargabar abin da ke jiransa a gaba, to zai ci gaba da fifita gudu a kan birki, ya kuma cika mota maƙil domin kada ya sake fita gobe. Ranar da aka iya tafiya daga Isa zuwa Sakkwato ko Shinkafi ba tare da tambayar ko hanya na da kyau ba, a ranar ce za a iya zaunar da direba da bakanike a yi musu maganar ƙa'ida su saurara.